Sonatar Scarlatti mai lamba K. 141: gudun yatsu ne kawai, ko akwai kiɗa a ciki?

Tambaya: Malam, ni makaɗin fiyano ne a situdiyo, da kunne na koya. Na ci karo da bidiyon wata dattijuwa mai suna Martha Argerich tana kaɗa wani abu da aka rubuta masa Scarlatti, Sonata K. 141. Bai wuce minti huɗu ba, amma yatsunta kamar ba na mutum ba, sauti ɗaya take ta maimaitawa da gudu kamar keken ɗinki. Shin nuna gwaninta ce kawai, ko akwai ma'ana a ciki? Me ya sa ake ce masa sonata alhali na ji sonata doguwar aba ce? Kuma zan iya koyonsa a irin fiyanonmu?

Amsa: Sannu da ƙoƙari, ɗan'uwa. Na ji daɗin wannan tambaya, domin na daɗe ina kai ruwa rana da ɗalibaina a kan wannan ɗan kiɗan. Akwai kiɗa a cikinsa, kiɗa sosai ma. Amma ba za ka gane dalilin wannan maimaicin ba sai ka san abin kiɗan da aka tsara shi dominsa, don haka daga nan zan fara.

Domenico Scarlatti ya rayu daga 1685 zuwa 1757, a zamanin da masana kiɗan Turai ke kira Barok. Babban abin kiɗan madannai a gidajen sarakuna a lokacin shi ne hafsikod. In ka hango shi daga nesa za ka ɗauka fiyano ne, ga madannai a jere, ga akwatin katako mai siffar fiffike. Cikinsa ne ya bambanta. A fiyano na katako, in ka danna madanni, wata 'yar guduma ce mai kan ulu take tashi ta doki tsirkiya, kuma gwargwadon ƙarfin yatsanka gwargwadon amon da za ka samu. A hafsikod kuwa babu guduma. Wani siririn katako ne ke tashi, a jikinsa an soke ɗan tsinken karan gashin tsuntsu, shi ne yake fizgar tsirkiyar ya wuce. Ka danna a hankali, ka danna da ƙarfi, amon kusan ɗaya ne. Kuma da zarar an fizgi tsirkiyar, sautin ya fara mutuwa ke nan.

Wannan matsala ba baƙuwa ba ce a kunnenka. Mai goge yana iya riƙe sauti ɗaya ya ja shi iya son ransa, ya ƙara masa ƙarfi a tsakiya, ya sa shi kuka. Mai molo ko gurmi ba shi da wannan damar. In yana son sauti ya daɗe a kunne, dole ya yi ta komawa kan tsirkiyar yana sake tayar da shi kafin ya mutu. Abin da Scarlatti ya yi ke nan a farkon wannan sonata. Ma'aunin kiɗan bugu uku ne a kowace gaɓa, hannun dama kuma yana raba kowane bugu biyu, sai ya zama sauti ɗaya an sare shi sau shida a gaɓa guda, sannan a koma kan wani sautin a yi masa haka. Gwada wannan a fiyanonka: ka saurari farkon kiɗan, ka cire maimaicin, ka danna kowane sauti sau ɗaya tak ka riƙe shi tsawon gaɓar. Abin da zai rage maka wata 'yar waƙa ce mai sauƙi, mai tafiya a hankali, mai ɗan ɗaci-ɗaci. Wannan waƙar ita ce ƙashin bayan abin. Maimaicin yana hura mata wuta ne don kada ta mutu, kuma a garin hura wutar sai ta koma wani abu daban, ta zama rawar jiki, kamar muryar wanda ke faɗin magana a natse alhali ransa na tafasa.

Yanzu koma ga hannun hagu, wanda yawancin masu kallon bidiyo ba sa lura da shi. A farkon kowace gaɓa yana sauke kod guda, wato sautuka da dama da aka danna tare, dam, ya ɗaga. Waɗannan kod ɗin ba masu tsabta ba ne irin na littafin koyo. Scarlatti yana cusa musu sautukan da ba na gidan ba, maƙwabta biyu da ke gogar juna, a danne su tare. Italiyawa na kiran wannan acciaccatura, daga kalmarsu ta murƙushewa, kuma Francesco Gasparini ya yi bayaninta a littafinsa na koyar da hafsikod na 1708. A fiyano, in ba a yi hattara ba, sai su fito kamar kuskure. A hafsikod kuwa suna fitowa da wani ƙaras, kamar an ja farce a kan dukkan tsirkiyoyin jita lokaci guda. Ka tuna na ce hafsikod ba ya ƙara amo don an danna shi da ƙarfi. To hanyar da ta rage wa mai tsara kiɗa in yana son ƙarfi ita ce ya ƙara yawan sautukan da ke fita tare, ya kuma sa su faɗa da juna. Wannan ƙazantar da gangan ita ce gangarsa.

Scarlatti ɗan Italiya ne, an haife shi a Napoli ranar 26 ga Oktoba 1685, shekarar da aka haifi manyan masu tsara kiɗa Bach da Handel. Mahaifinsa Alessandro Scarlatti babban mai tsara kiɗan opera ne, wato wasan kwaikwayo na waƙa, kuma rabin farko na rayuwar Domenico a inuwar uban ya yi ta, yana tsara opera da kiɗan coci a Rum, har ya riƙe shugabancin mawaƙan cocin San Pietro. Da a nan ya tsaya, da yau sai masu tonon tarihi ne za su san sunansa. A 1719 ya tafi Lisbon, fadar Sarki João na Biyar na Fotugal, inda aka ba shi, cikin sauran ayyuka, koyar da 'yar sarki Maria Barbara, wadda aka haifa a 1711. Yarinyar ta fito da baiwar kiɗa ta gaske. Da aka aurar da ita ga Fernando, yariman Sifaniya, a 1729, sai malaminta ya bi ta, kuma bai rabu da hidimarta ba har ya rasu a Madrid ranar 23 ga Yuli 1757. Ta zama sarauniya a 1746, ta kuma rasu shekara ɗaya bayan rasuwar Scarlatti.

Shekaru huɗun farko, daga 1729 zuwa 1733, fadar Sifaniya a Sevilla take zaune, birnin da littattafanmu na tarihin Andalus ke kira Ishbiliya. Ka ɗauki mutum ɗan shekara arba'in da 'yan kai, wanda ya taso cikin ƙa'idojin kiɗan Italiya, ka ajiye shi a kudancin Sifaniya, inda jita take a kowane lungu, ga tafi, ga dukan ƙasa da dunduniya, ga 'yan katakan nan da masu rawa ke kaɗawa a tafin hannu. Charles Burney, marubucin tarihin kiɗa ɗan Ingila, ya ruwaito daga wani likita da ya san Scarlatti cewa yakan kwaikwayi waƙoƙin 'yan dako da masu kora alfadarai da sauran talakawa. Wannan ita ce shaidar da ta fi kusa da zamaninsa, kuma kunne yana gaskata ta. A K. 141 wasu jita suke ji, wasu katakan masu rawa, wasu kuma mandolin, ɗan abin kiɗa mai tsirkiya na garinsu Napoli, wanda shi ma da maimaita sauti yake waƙa. Ni dai jita nake ji a hagu, dunduniyar mai rawa a dama.

Sai dai ina so in ja maka kunne a kan abu biyu, domin za ka ci karo da su a intanet. Za a ce maka filamenko, wato kiɗa da rawar nan na kudancin Sifaniya, shi ne Scarlatti ya kwafa. Filamenko a siffar da aka san shi yau ya kankama ne bayan rasuwarsa, abin da ya ji shi ne kaɗe-kaɗen da filamenko ya tsiro daga cikinsu. Za a kuma ce maka kiɗan Larabawan Andalus ne. Sevilla ta fita daga hannun Musulmi tun 1248, Granada a 1492, kuma an kori ragowar zuriyarsu daga ƙasar tsakanin 1609 da 1614, fiye da shekara ɗari kafin Scarlatti ya sa ƙafa a can. In akwai ɓurɓushin wancan zamani a kiɗansa, ta bakin talakawan Andalus ya iso masa, bayan ya gauraya da na wasu al'ummu da dama. Na san zuciya na son a ce namu ne, amma gaskiyar ta fi daɗi a yadda take: bawan fada ne da ya buɗe taga ya saurari titi, ya kuma ga abin titin ya cancanci a kai shi gaban sarauniya.

Batun suna kuwa mai sauƙi ne. Sonata daga kalmar Italiyanci ta kaɗawa take, kamar yadda kantata take daga kalmar rerawa. A asali duk abin da aka kaɗa da kayan kiɗa ba tare da murya ba ana iya ce masa sonata. Doguwar sonata mai babi uku ko huɗu da ka ji labari, irin ta Haydn da Mozart da Beethoven, daga baya ta kafu. Ta Scarlatti babi ɗaya ce, an raba ta gida biyu, kuma an rubuta a maimaita kowane rabi. Shi kansa da ya buga talatin daga cikinsu a Landan wajen 1738, Essercizi ya kira su, wato atisaye, ya kuma gaya wa mai karatu a gabatarwa kada ya nemi zurfin ilimi a cikinsu, wasa ne da fasaha cikin dabara. Kada wannan tawali'un ya ruɗe ka, haka ake magana a fada.

Rabi biyun nan tafiya ce da dawowa. K. 141 tana kan D maino, nan ne gidanta. Rabin farko yana tashi daga D ya je ya sauka a A. Rabi na biyu yana ɗauko kayan da ka riga ka ji, ya yi yawo da su ta wasu unguwanni, ya murɗa su, sannan ya mayar da kai D. Ralph Kirkpatrick, makaɗin hafsikod ɗan Amurka wanda ya wallafa babban littafi a kan Scarlatti a 1953, ya lura cewa a yawancin sonatocin akwai wani wuri a kowane rabi wanda daga shi zuwa ƙarshe rabi biyun suke tafiya kafaɗa da kafaɗa, abin da aka kaɗa a baƙon wuri a karon farko shi ake sake kaɗawa a gida a karo na biyu. In ka sa kunne za ka kama wannan da kanka. Ƙarshen rabin farko da ƙarshen na biyu kamar tagwaye suke, sai dai ɗaya a tsaye yake a ƙofar wani, ɗaya a ƙofar gidansu.

Harafin K ɗin ma na Kirkpatrick ne, shi ya jera sonatoci 555 ya ba su lamba. In ka ga an rubuta L. 422, wannan sonatar ce dai, a lissafin Alessandro Longo, wanda ya buga su don masu fiyano a farkon ƙarni na 20. Longo ya yi aiki babba, amma ya ɗauki wasu daga cikin waɗancan kod masu ƙaras a matsayin abin gyara, ya tsabtace su, ya kuma ƙara alamomin ƙarfi da sanyi da Scarlatti bai rubuta ba. In za ka nemi takardar kiɗan, nemi wadda ba ta bi ta hannunsa ba. Abin da ya sa gyaran ke ci mini rai shi ne Burney ya ruwaito cewa Scarlatti ya san sarai yana karya ƙa'idojin tsara kiɗa, kuma hujjarsa ita ce in abu bai ɓata wa kunne rai ba, babu wata doka da ta fi wannan. Babu ko sonata ɗaya da ta iso mana da rubutun hannunsa. Yawancinsu ta hannun magatakardan fada suka zo, a kundi goma sha biyar da aka yi wa sarauniya, waɗanda ta bar wa mawaƙi Farinelli gado, yanzu suna Venis, da wasu goma sha biyar a Parma. Abin da ya tsira da ƙyar haka bai kamata a riƙa yi masa kwaskwarima ba.

Bayan sashen maimaicin, kiɗan ba ya tsayawa ya yi maka bayani. Wannan ita ce ɗabi'ar Scarlatti da ta raba shi da Bach. Bach yakan ɗauki zare ɗaya ya yi ta saƙa da shi har ya zama zane, muryoyi uku ko huɗu kowace da hanyarta. Scarlatti kuwa jefo maka abu yake yi, ya maimaita shi har ya zauna a kunnenka, sai ya yanke ya jefo wani. Ga sautuka suna gangarowa kamar an ɓare buhun gero, ga hannu ɗaya yana tsallake ɗan'uwansa ya taɓo sama ya dawo ƙasa, ga tsalle mai nisa da dole makaɗi ya jefa hannu kafin ido ya kai. Wannan giciyen hannu ba don kunne kaɗai aka yi shi ba. Kiɗan ɗaki ne, masu sauraro suna zaune kusa, suna ganin hannuwan, kuma fargabar ko zai dira daidai tana cikin daɗin abin. Sannan ga shiru. Idan ya yanke kiɗa, shirun nan yana da nauyin kod, domin bugu ukun yana ci gaba da tafiya a jikin mai sauraro ko da babu sauti.

Yanzu ga inda nake da ra'ayi mai ƙarfi. Abin da aka rubuta a saman kiɗan shi ne Allegro, wato da kuzari, da walwala. Scarlatti ya san kalmar Presto, ta gudu sosai, ya yi amfani da ita a wasu sonatocin, a nan bai sa ta ba. Martha Argerich, 'yar Ajantina, takan kaɗa wannan sonata a ƙarshen taro bayan jama'a sun nemi ƙari, kuma gudun da take yi abin mamaki ne. Abin da ya sa nata ya tsaya da ƙafarsa shi ne duk da gudun ba ta rasa rawar ba, kana jin ɗaya, biyu, uku a ƙarƙashi, kana jin waƙar nan da na ce ka tono. Masu kwaikwayonta da yawa gudun kawai suke ɗauka su bar sauran, sai abin ya koma keken ɗinkin da ka ambata. Ni a wurina ma'aunin ɗaya ne: in mutum ba zai iya taka rawa a kai ba, an yi sauri da yawa. Ka nemi yadda Scott Ross ya kaɗa ta a hafsikod. Shi ne ya ɗauki dukkan 555 a faifai 34 tsakanin 1984 da 1985. Za ka ji hannun hagu ya fito da haƙoransa, za ka ji kamar wani kiɗan ne daban.

Ba ina cewa haramun ne a kaɗa ta a fiyano ba. Bartolomeo Cristofori ya ƙirƙiro fiyano a Florence wajen 1700, kuma a lissafin kayan Sarauniya Maria Barbara akwai fiyano biyar ƙirar can cikin kayan madannai goma sha biyu, ko da yake biyu an mayar da su hafsikod. Ke nan Scarlatti ya san fiyano. Sai dai na zamaninsa ƙarami ne, mai sauƙin dannawa, mai siririyar murya. Babban fiyanon da ka gani a bidiyon yana iya wannan maimaicin ne saboda wata dabara da Sébastien Érard ya yi wa rajista a 1821, wadda ke barin guduma ta sake dukan tsirkiya tun madanni bai gama dawowa sama ba. Fiyanon katako mai tsayuwa a jikin bango yawanci ba shi da ita, shi ya sa wannan sonata take wahala a kansa.

Naka na lantarki kuwa zai yi, har ma yana da wata fa'ida. Madannansa ba su da nauyi, ta wannan fuskar sun fi kusa da hafsikod. Zaɓi muryar hafsikod a cikinsa, ka kashe amsa-kuwwar da kuke ƙarawa a situdiyo, ka ɗauke ƙafarka gaba ɗaya daga feda, abin takawar nan mai tsawaita sauti, domin feda tana jiƙa kod ɗin nan su zama kunu. Sirrin maimaicin shi ne ba da yatsa ɗaya ake yinsa ba. Yatsa uku ne ke karɓa-karɓa a kan madanni guda: na tsakiya, manuni, babban yatsa, sannan a sake, sau biyu a gaɓa. Kowane yatsa yana shafar bakin madannin ne ya janye zuwa tafin hannu don ya ba na bayansa wuri, kamar kana kaɗe ƙura daga gefen tebur. Wuyan hannu a sake. Da ka ji dantse ya fara ɗaurewa, tsaya, domin ciwon da ake samu daga nan yana daɗewa, na ga ɗalibin da ya yi watanni bai taɓa madanni ba saboda ya ƙi jin wannan.

Tunda da kunne ka koya, kana da abin da masu karatun takarda da yawa ba su da shi, wato jin bugu a jiki. Yi amfani da shi. Fara da hannun hagu shi kaɗai, kana ƙirga uku da baki, har kod ɗin su zauna kamar tafi. Sannan ka ɗora waƙar a dama ba tare da maimaici ba. Sai ka raba kowane sauti uku, daga baya shida. Amma a nan kunne kaɗai ba zai kai ka ba, domin sautukan da aka cusa a cikin kod ɗin suna wucewa da sauri, kuma kunnen da ya saba da kod masu tsabta zai gyara su da kansa ba tare da ka sani ba, ka zama Longo na biyu. Nemi wanda ya iya karanta takardar kiɗa ya nuna maka su ɗaya bayan ɗaya, ko ka rage gudun bidiyon zuwa rabi ka bi a hankali.

Kuma kada K. 141 ta zama ita ce ƙofarka ta farko. Fara da K. 32, 'yar gajeriya ce a kan D maino ɗin dai, mai tafiya a natse, za ka iya kama ta cikin mako biyu ko uku. Daga nan K. 9, sannan K. 380 a kan E mejo, wadda Vladimir Horowitz ya kaɗa a Mosko a 1986, inda za ka ji kamar ayarin sarki na tahowa daga nesa da ƙaho da tambura. In ka zauna da waɗannan ukun na 'yan watanni, hannunka zai saba da yadda mutumin yake tunani, sannan ka dawo kan maimaicin, ka fara shi a rabin gudun da ka gani a bidiyon.